Ciwon zuciya a Arewa: A asibitin unguwa ya kamata a tare shi

A bakin Bahaushe, zuciya ita ce gidan fushi da haƙuri da ƙauna. Ana cewa wane mai zuciya ne, wane kuma zuciyarsa ta mutu, wance kishiya ce ta sa mata ciwon zuciya. Shi ya sa da zarar likita ya ce zuciyar mutum ta samu matsala, dangi kan koma gefe su shiga lissafin wanda ya ɓata masa rai, ko bashin da ya hana shi barci. Damuwa tana da nata tasirin, likitoci ma ba su musa ba. Sai dai mafi yawan waɗanda ke kwance a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato saboda zuciyarsu ta gaza, ta hanyoyi uku sanannu suka iso kan gadon: hawan jinin da aka yi shekaru ba a auna ba, ciwon maƙogwaron ƙuruciya da ba a yi wa magani ba, da kuma raunin zuciyar da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a cikin jego.

Dukkan ukun suna da alamun da ƙaramin asibitin unguwa zai iya ganewa da wuri, muddin akwai na'urar awon jini mai aiki, da ma'aikacin da ya san abin da yake nema, da 'yan magungunan da ba na tsada ba. Amma abin da aka saba gani shi ne a bari sai ƙafafu sun kumbura, numfashi ya gagara, sannan a bazama gidajen rediyo da Facebook ana neman taimakon miliyoyin da za a fitar da majinyaci Indiya ko Masar. Fafe gora ranar tafiya ke nan, kuma talaka ne ke biyan kuɗinsa, sau da yawa da ransa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, wato kusan kashi 32 cikin 100 na duk mace-macen duniya a wannan shekarar. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suka mutu. Wannan kaɗai ya isa ya rushe maganar cewa ciwon zuciya cutar Turawa ce ko ta masu kuɗi.

Yadda zuciya ke aiki

Zuciya tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Tana zaune a tsakiyar ƙirji, tsakanin huhu biyu, ta ɗan karkata hagu. A jikin babban mutum mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa, wato kimanin sau 100,000 a kwana ɗaya. Jinin jikin babba kusan lita biyar ne, kuma cikin minti ɗaya zuciya take zagayar da kusan dukkansa. Idan aka tara na yini da dare, ya kai lita 7,000, kwatankwacin jarka 280 irin mai cin lita 25 da 'yan ga-ruwa ke turawa a kura.

A cikinta akwai ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, wanda iskar oksijin ɗinsa ta ragu, ya tura shi huhu. A huhu jinin yake sauke gurɓatacciyar iskar da mutum ke fitarwa, ya ɗauki sabuwa, sannan ya dawo ɓangaren hagu. Ɗakin ƙasa na hagu shi ne mafi kaurin tsoka, domin shi ke harba jini ta babbar jijiya zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta har zuwa yatsun ƙafa. Wannan zagayen ta cikin huhu, likitan nan Ibn al-Nafis, haifaffen ƙasar Sham da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya fara bayyana shi daidai. Baturen Ingila William Harvey kuma ya fito da bayanin zagayen jini a duk jiki a 1628.

Tsakanin ɗakunan da kuma bakin manyan jijiyoyi akwai ƙofofi huɗu masu buɗewa ta gefe ɗaya, don kada jini ya koma baya. Rufewarsu ce ke ba da sautin da likita ke saurara idan ya ɗora abin ji a ƙirji. Akwai kuma wani ɗan gurbi a ɗakin sama na dama da ke samar da ɗan ƙaramin lantarki, shi ke ba zuciya umarnin bugawa. Ita kanta tsokar zuciyar tana buƙatar abinci, kuma tana samunsa ne ta wasu siraran jijiyoyi da suka kewaye ta.

Kowace cutar zuciya a ɗaya daga cikin waɗannan wurare take: ko tsokar ta raunana, ko ƙofa ta lalace, ko jijiyar da ke ciyar da ita ta toshe, ko lantarkin ya rikice. Idan famfon ya kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa kan taru a baya. Wanda ya taru a huhu shi ke kawo haki da tari da kasa kwanciya rigingine, wanda ya taru a jiki kuma shi ke kumbura ƙafafu da ciki. Wannan shi ake kira gazawar zuciya.

Hawan jini, ɓarawon da ba ya ƙwanƙwasa ƙofa

Awon jini lambobi biyu ne. Ta sama tana nuna ƙarfin da jini ke dannan bangon jijiya lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Wanda awonsa ke wajajen 120 bisa 80 yana cikin lafiya. Idan aka auna a ranaku biyu daban-daban aka samu 140 bisa 90 ko sama, mutum yana da hawan jini.

Illarsa a hankali take zuwa. Zuciyar da ke tura jini cikin jijiyoyin da suka matse dole ta ƙara ƙarfi, sai tsokarta ta yi kauri kamar damtsen maƙeri. Bayan shekaru sai ta gaji, ta saki, ta faɗaɗa. A lokaci guda ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido suna lalacewa. Daga nan ake samun shanyewar ɓarin jiki, da ciwon ƙodar da ke kai mutum ga wankin ƙoda, da raunin gani.

Babban hatsarin shi ne mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai. Mutum na iya shekara goma jininsa na sama yana zuwa kasuwa, yana noma, yana tuƙa mota. Rahoton da WHO ta fitar a 2023 ya nuna cewa manya kusan biliyan 1.3 ne ke da hawan jini a duniya, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma mutum ɗaya ne kawai cikin biyar ya shawo kansa. A Najeriya, nazarce-nazarce sun nuna kusan mutum ɗaya cikin manya uku yana ɗauke da shi.

Wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya bi majinyata fiye da 1,000 da zuciyarsu ta gaza a ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, ya gano cewa hawan jini ne kan gaba wajen jawo matsalar, kuma matsakaicin shekarun majinyatan 52 ne. A Turai da Amurka, akasari sai mutum ya kai shekara 70 wannan ke samunsa. Ma'ana a nan cutar tana kayar da magidanci ne a daidai lokacin da yake biyan kuɗin makarantar yara, da uwa a lokacin da gida ya dogara da ita.

Gado yana taka rawa, shekaru ma haka, amma abin da ke shiga tukunya yana da nasa kaso. WHO ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram biyar na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A tukunyar miya ɗaya kuwa ana zuba gishiri, a murmusa dunƙulen ɗanɗano uku ko huɗu, a jefa kanwa, sannan a kawo yaji mai gishiri a gefe. Duka waɗannan sinadari ɗaya suke ɗauke da shi, wato sodiyom, wanda ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Ga taba da shisha, ga ƙiba da zaman wuri ɗaya. Ga kuma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake saya a kemis ko a tiren mai talla ana sha kamar gyaɗa, alhali yawan shansu yana ɗaga jini yana kuma cutar da ƙoda.

Ko waɗanda aka gano ma, da yawa kan sha magani wata ɗaya ko biyu, da sun ji dama-dama sai su ajiye. Maganin hawan jini yana daidaita jini ne muddin ana shan sa, da an daina kuma jinin ya koma inda ya fito. A wannan giɓin ne masu tallar maganin da wai ke "warkar da hawan jini har abada" ke cin kasuwarsu a tashoshin mota da wasu gidajen rediyo. Mutum ya bar ƙwayar asibiti ya koma jarkar tsimi, sai wata safiya a tarar baki ya karkace, hannu da ƙafa sun mutu, a ce iska ce ta buge shi ko jifa aka yi masa.

Daga maƙogwaron yaro zuwa ƙofar zuciya

Hanya ta biyu ta fi ban tausayi, domin yara take kamawa, akasari 'yan shekara biyar zuwa 15. Yawancin ciwon maƙogwaro na mura ne, yana warkewa da kansa. Amma akwai wanda wata ƙwayar cuta mai suna streptococcus ke haddasawa, wanda kan zo da zazzaɓi da zafin haɗiya da kumburin kaluluwar wuya. Idan ba a kashe ƙwayar da magani ba, bayan mako biyu zuwa huɗu garkuwar jikin wasu yaran kan rikice ta afka wa jikin da take karewa. Gaɓoɓi su kumbura, ciwon yana tashi daga gwiwa ya koma idon sawu ko gwiwar hannu. Wasu yaran hannuwansu da fuskarsu kan riƙa motsi ba da son ransu ba, abin da a gidaje da yawa ake ɗauka aikin aljanu ne.

Ciwon gaɓoɓin yana wucewa, amma tabon da ya bari a ƙofofin zuciya ba ya gogewa. Duk lokacin da cutar ta dawo, ƙofar tana ƙara ƙanƙancewa ko ta kasa rufewa. Bayan shekara goma ko ashirin sai a ga matashi ba ya iya hawa bene, ko amarya ta samu cikin fari numfashinta ya gagara, domin ciki yana ƙara yawan jinin jiki da kusan rabi, lalatacciyar ƙofa kuma ba za ta iya ɗaukar nauyin ba.

Wannan cuta tana kashe fiye da mutum 300,000 a duniya duk shekara. A ƙasashen da suka ci gaba ta kusa ɓacewa, ta rage a inda ake cunkoso a ɗaki ɗaya da inda asibiti ke da nisa. Duk wanda ya san yadda yara ke kwana a zaurukan makarantun allo, da ɗakunan kwanan makarantun gwamnati, da sansanonin 'yan gudun hijira, ya san inda ƙwayar ke samun wurin yaɗuwa. A 2018 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman yana kiran ƙasashe su tashi tsaye a kanta.

Maganinta kuwa tsohon magani ne mai araha, wato penicillin. Allura ɗaya, ko ƙwayoyin kwana goma, sun isa su kashe ƙwayar tun tana maƙogwaro. Yaron da cutar ta riga ta taɓa kuma ana yi masa allurar duk bayan mako uku ko huɗu na tsawon shekaru, don kada ta dawo ta ƙarasa ƙofar. Amma a ƙauyuka da unguwanni da dama, yaron da ke kukan maƙogwaro wurin wanzami ake kai shi a cire masa beli. Ƙwayar tana nan ba a taɓa ta ba, an kuma ƙara masa hatsarin zubar jini da shigar wata cutar.

Idan ƙofa ta gama lalacewa, sai tiyata. An fara tiyatar buɗe zuciya a Najeriya tun 1974 a asibitin koyarwa na Inugu, amma har yau cibiyoyin da ke yin ta a kai a kai 'yan kaɗan ne, kuɗinta kuma miliyoyin naira ne. Wanda aka sa wa ƙofar ƙarfe zai sha maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwarsa, tare da gwajin jini a kai a kai. Kuɗin tiyatar mutum ɗaya zai sayi allurar da za ta kare yara masu yawan gaske.

Zuciyar mai jego

Hanya ta uku ita ce wadda sunan Arewacin Najeriya ya fi fitowa a kanta a littattafan likitanci na duniya. Mace ce lafiyayya, ba ta taɓa ciwon zuciya ba, sai a watan ƙarshe na ciki ko cikin watanni biyar bayan haihuwa tsokar zuciyarta ta saki. Ta fara haki idan ta yi shara, ta kasa kwanciya sai an tara mata matasai, ƙafafu da fuska su kumbura, tari ya hana ta barci. Da yake gajiya da kumburin ƙafa abubuwa ne da aka saba gani ga mai ciki, sai a ce jego ne, zai wuce.

Tun a shekarun 1970 likitoci biyu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka ba da rahoton yawan wannan cuta a yankin. Sun danganta ta da al'adun jego: kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Nazarin da aka yi daga baya a Sakkwato da Kano ya nuna cewa a wasu asibitocin Arewa maso Yamma ana samun cutar a kusan haihuwa ɗaya cikin 100, adadin da ba a san wanda ya fi shi ba a duniya. A Amurka, ɗaya ce cikin haihuwa dubu ko ma dubbai.

Sai dai babban binciken da Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta a asibitocin sassan ƙasar nan, wanda aka wallafa a 2020, ya sauya fahimtar. Bai samu alaƙa tsakanin cutar da al'adun jego ko ƙabilar mace ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Wasu nazarce-nazarcen a Kano kuma sun samu ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin da yawa daga cikin matan. A taƙaice, talauci da yunwa da rashin awon ciki ne ke gaba.

Wannan sakamako yana da muhimmanci ga masu tsara manufofi, domin abu ne mai sauƙi a ɗora laifi a kan kaka da tukunyar wankanta a wanke hannu. Amma ba izini ba ne na ɗura wa mai jego kanwa. Macen da jininta ya hau ko zuciyarta ta riga ta raunana, kunun kanwa ruwa zai ƙara tara mata a jiki.

Da magani, zuciyar mata da yawa tana farfaɗowa cikin watanni. Wasu ba ta dawowa daidai, kuma ga irin waɗannan wani sabon ciki na iya zama ajali. Wannan magana ce da ya wajaba likita ya zauna da miji ya yi masa ita ƙarara, domin a gidaje da yawa shawarar tazarar haihuwa ba a hannun matar kaɗai take ba.

Alamun da ba a jira da su

Toshewar jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, wadda a da ake ganin ba ta da yawa a nan, tana ƙaruwa a birane tare da ciwon suga da ƙiba da shan taba. Kitse ne ke taruwa a bangon jijiya, wata rana ya fashe, gudan jini ya toshe hanyar, sashen tsokar da ke bayan wurin ya fara mutuwa. Alamarta nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji, wanda kan sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi, da gumi da tashin zuciya. Mutane da yawa kan ɗauka gyambon ciki ne su sha maganin olsa su kwanta. Ga mata da masu ciwon suga, wani lokaci haki da kasala ne kawai.

Shanyewar ɓarin jiki kuma tana zuwa ne farat ɗaya: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya yi sanyi, magana ta sarƙe. A duka biyun, sa'o'in farko su ne komai. Addu'a ba ta hana a sa majinyaci a mota, ana iya yin ta a kan hanyar asibiti.

Inda gizo ke saƙa

Za a iya cewa ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da kwalara da tamowa ba ta da sararin ɗaukar wani sabon yaƙi. Amsar ita ce wannan yaƙin ba ya buƙatar sabon gini. Asibitin da ake rigakafin yara da awon ciki, shi ne dai wurin da za a auna jinin uwar da ta kawo yaron, a duba maƙogwaron yayansa, a tambayi mai jego yadda numfashinta yake.

An ma riga an gwada. Tun daga 2020 masana na Jami'ar Abuja suka gudanar da shirin kula da hawan jini a ƙananan asibitoci 60 na Babban Birnin Tarayya, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko ke auna jini su ba da magani bisa wani tsari mai sauƙi, ba tare da jiran likita ba. An yi makamancinsa a jihohin Kano da Ogun. Kafin nan, wani gwaji da Farfesa Dike Ojji na jami'ar ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin magani mai ɗauke da amlodipine ya fi saukar da jinin baƙar fata. Amlodipine kuwa yana cikin magungunan hawan jini mafi araha. An san abin da ke aiki, an kuma san wanda zai iya yin sa.

Abin da ya rage shi ne kuɗi da riƙo. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa kaiwa nan ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fitowa. Bayan faɗuwar darajar naira daga 2023, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabi, kuma mai cutar da ba ta ciwo shi ne na farko da zai bar magani ya sayi masara.

Gangamin awon jini kyauta da ake yi a Ranar Hawan Jini ta Duniya, 17 ga Mayu, ko Ranar Zuciya ta Duniya, 29 ga Satumba, yana da amfani. Amma gaya wa mutum cewa jininsa ya kai 180 a sallame shi da takarda, ba tare da wurin da zai riƙa karɓar magani duk wata ba, tsoro kawai aka ƙara masa.

Abin da ya kamata a yi

Gwamnatocin jihohi, waɗanda ƙananan asibitoci ke hannunsu, su tabbatar kowane asibitin mazaɓa yana da na'urar awon jini mai aiki, a kuma mayar da awon wajibi ga duk babban da ya shigo, ko da ɗan rakiya ne. Su sa magungunan hawan jini na farko da allurar penicillin cikin jerin abin da ba a yarda ya yanke ba, su kuma shigar da su cikin inshorar jiha ga masu ƙaramin ƙarfi. Sayen magani da yawa kai tsaye daga masana'antun cikin gida zai rage farashi.

A horar da ungozomomi da ma'aikatan awon ciki su ɗauki haki da kumburi bayan haihuwa a matsayin alamar hatsari. Ranar da aka kawo jariri rigakafin mako shida, a auna jinin uwar, a tambaye ta ko tana iya kwanciya rigingine. Kowane babban asibitin shiyya ya samu na'urar hoton zuciya da wanda ya iya aiki da ita, don kada macen da ke ƙauyen Zamfara ko Jigawa ta yi tafiyar yini kafin a ga zuciyarta.

Hukumar NAFDAC da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin su taka wa masu tallar warkar da hawan jini birki. Limamai da masu unguwanni, waɗanda suka taimaka wajen yaƙi da cutar shan inna, su sa baki a nan ma: na'urar awon jini ɗaya a harabar masallacin Juma'a, da ma'aikacin lafiya ɗaya bayan sallah, za su kai ga magidantan da ba sa taka asibiti. Malaman makarantun allo da na boko su san cewa yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi asibiti ake kai shi.

A gida kuma, duk wanda ya kai shekara 18 ya san lambar jininsa, wanda ya haura 40 ko yake da masu cutar a dangi ya riƙa aunawa aƙalla sau ɗaya a shekara. Uwargida ta rage gishiri da dunƙule da kanwa, ta ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, miya ba za ta rasa daɗi ba. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya ji sauƙi, idan azumi ya zo ya nemi likita ya daidaita masa lokutan sha. Maigidan da matarsa ta haihu ya riƙa lura da numfashinta har wata biyar.

Ƙasar nan tana buƙatar cibiyoyin tiyatar zuciya, musamman saboda jariran da ake haifa da huji a zuciya da waɗanda ƙofofinsu suka riga suka lalace. Amma gwamnan da ya gina katafariyar cibiya alhali asibitocin mazaɓunsa ba su da na'urar awon jini, layin masu jiran tiyatar zai ci gaba da tsawo ne kawai. A kasafin kuɗin baɗi, 'yan majalisar kowace jiha su tambayi kwamishinan lafiya ƙananan asibitoci nawa ne ke auna jini a kullum, kuma nawa ne daga cikinsu ke da magani a kan kanta.